Zaiba, dalma da famfon da ke cikin jikinmu: amsa ga wata ɗaliba daga Garwa

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar aikin jinya ce a Garwa, a arewacin Kamaru, ina shekara ta biyu. A darasi an ce mana ƙarafa masu nauyi irin su zaiba da dalma da kadmiyum suna hana famfon sodiyum da fotasiyum aiki. Na haddace, na ma rubuta a jarrabawa, amma tsakani da Allah ban gane ba. Ta yaya ƙarfe zai tsayar da wani abu a cikin ƙwayar jiki? Duk hanya ɗaya suke bi? Abin da ya sa na damu shi ne yayana yana haƙar zinariya a wajejen Mayo-Rey shekara uku ke nan, kuma shi ne mai ƙona zaiba a cikin abokan aikinsa. Da ya zo sallah na ga hannunsa yana rawa in ya ɗauki kofin shayi, ga saurin fushi da ba mu san shi da shi ba. Ya ce kullum yana shan nono don ya wanke dafin. Famfon nan ne ya lalace? Nonon yana magani?"

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba yayanki lafiya, ya yi wa karatunki albarka. Tambaya biyu kika ɗaure wuri guda: ta aji, wato yadda ƙarfe ke tsayar da famfo, da ta gida, wato abin da ke damun yayanki. Ni malamin kimiyyar sinadaran jiki ne, na daɗe ina koyarwa, ina kuma auna aikin wannan famfon da hannuna (shi ma enzayim ne, wato furotin mai gudanar da wani aiki a jiki), don haka ta farkon gonata ce. Ta biyun zan faɗa miki abin da ilimin ya nuna, amma yanke hukunci kan ciwon mutum sai likitan da ya gan shi, ya duba shi, ya aika da fitsarinsa awo.

Kwale-kwale mai yoyo

Kowace ƙwayar jikinki tana lulluɓe da wani siririn tantani na kitse. Ruwan da ke wajenta gishiri-gishiri ne: sodiyum kimanin milimol 140 a lita (milimol ma'aunin yawan sinadari ne), fotasiyum kuwa 4 kacal. A cikinta lamarin ya juye: fotasiyum wajen 140, sodiyum tsakanin 10 zuwa 15. Tantanin nan ba ya riƙe su sarai. Kullum sodiyum yana tsiyayowa ciki, fotasiyum yana sulalewa waje.

In kin taɓa hawa kwale-kwalen katako a Lagdo ko a kogin Logon, kin ga yaron da ba shi da aiki sai kwarfe ruwa da ƙwarya. Ba wanda ke yaba masa, amma ranar da ya ajiye ƙwaryar jirgin zai cika ya nutse. Famfon nan shi ne yaron. Duk juyi ɗaya yana fitar da sodiyum uku, ya shigo da fotasiyum biyu, ya ƙona ATP guda, wato kuɗin cefanen ƙwaya. Yana iya yin haka kusan sau ɗari a daƙiƙa. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Jens Christian Skou, shi ya gano shi a 1957 a jijiyoyin ƙaguwa, kuma sai bayan shekara arba'in, a 1997, aka ba shi kyautar Nobel a kansa.

Me ya sa jiki zai kashe wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa, ƙwaƙwalwa ma kusan rabin nata, a kan kwarfar gishiri? Ki tuna madatsar Lagdo. Ruwan da aka tare a sama shi ke juya injin da ke ba Garwa wuta. Sodiyum ɗin da famfo ya tara a waje shi ma haka yake, neman komawa ciki yake yi, ƙwaya kuma tana cin moriyar komawar. Da shi jijiya ke aika saƙo. Da shi hanji da ƙoda ke jawo sukari zuwa cikin jini, shi ya sa ruwan gishiri da sukari da kuke ba yaro mai gudawa yake aiki. Da shi ake korar kalsiyum daga cikin ƙwaya. Kuma tunda ruwa gishiri yake bi, famfo na tsayawa ƙwaya za ta kumbura, in abin ya yi nisa ta fashe.

Shi kansa famfon furotin ne mai manyan sassa biyu. Babban, wanda ake kira alfa, sarƙa ce ta amino asid, wato tubalan ginin furotin, kimanin dubu, ta ratsa tantanin ƙwaya sau goma. Yana buɗe baki ta ciki ya ɗauki sodiyum uku. ATP ta zo riƙe da magniziyum, ta ciro fosfet ɗaya daga jikinta ta liƙa masa. Nan take sai ya murɗe, ya rufe ta ciki ya buɗe ta waje, ya tofar da sodiyum, ya karɓi fotasiyum biyu. Fosfet ɗin ya faɗi, ya sake murɗewa ya koma yadda yake. Ki lura da abubuwan da yake buƙata: ya iya lanƙwasa, ya sami magniziyum da ATP, kujerun sodiyum da fotasiyum su kasance babu baƙo a kai, kitsen da yake zaune a ciki kuma ya zama lafiyayye. Kowanne daga cikinsu ƙofa ce da guba ke iya shigowa.

Kakanninmu sun san yadda ake kashe wannan famfo tun ba su san da shi ba. Kwankwanin da maharba ke dafa dafin kibiya da shi yana ɗauke da sinadarin da ke toshe shi, ya tsayar da zuciyar dabba. Ruwan tumfafiya ma yana da danginsa. Daga wani ɗan'uwan kwankwani ake samun wabayin, wanda muke aiki da shi a ɗakin gwaji, digoksin ɗin da za ki gani ana ba masu ciwon zuciya kuma ɗan gidan ne. Na kawo su ne don ki ga bambanci. Waɗannan dafin itatuwan maharba ne na gaske: wuri ɗaya suke nufa a jikin famfo, ta waje, ba ruwansu da sauran enzayim. Ƙarafa masu nauyi kuwa ba sa zaɓe. Duk furotin ɗin da ke da abin da suke so za su kama, famfon nan ɗaya ne daga cikin ɗaruruwa. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa in mun zo kan yayanki.

Dabaibayi da sojan gona

Amsar tambayarki ta "duk hanya ɗaya suke bi?" ita ce a'a. Kafin nan, ki sani ba dunƙulen ƙarfe ne ke ɓarnar ba. Sai ya narke ya zama ayon, wato ƙwayar zarra mai ɗauke da caji, sannan yake iya manne wa furotin.

Hanya mafi muni ita ce ta farar wuta. A cikin amino asid akwai ɗaya mai suna sistin, wanda ke da zarrar farar wuta a bakinsa, kuma sashen alfa yana da irinsa fiye da ashirin. Ayon ɗin zaiba yana son farar wuta so mai tsanani, har tsofaffin masana sinadarai suka raɗa wa wannan rukuni suna da Latin wanda ma'anarsa "mai cafke zaiba". Ga shi kuma hannu biyu gare shi: yana iya kama farar wuta nan, ya kama wata can, ya ɗaure sassa biyu na furotin da ya kamata kowanne ya motsa da kansa. Kin san jakin da aka yi wa dabaibayi. Lafiyarsa lau, ga ciyawa a gabansa, amma ba ya iya taku. Haka famfon ke zama. Ki ƙara masa sodiyum, ki ƙara ATP, ba zai motsa ba, domin ba abinci ya rasa ba. Azurfa da jan ƙarfe da kadmiyum su ma wannan hanyar suke bi, kowanne da ƙarfin kamunsa. Dalma tana kama farar wuta, tana kuma kama wuraren da ke da iskar oksijin, amma riƙonta a kan wannan famfo bai kai na zaiba ba ko kusa.

Hanya ta biyu sojan gona ne. Taliyum, wani ƙarfe da a da ake sawa a maganin ɓera, girmansa da cajinsa sun yi kama da na fotasiyum ƙwarai, har famfon ya fi son sa a kan fotasiyum ɗin gaskiya kusan ninki goma. Shi ba ya ma tsayar da famfo tun farko. Hawa yake yi, famfo ya shigar da shi cikin ƙwaya da hannunsa, can ya je ya lalata sauran enzayim masu buƙatar fotasiyum. Shi ya sa wanda ya sha shi yake fama da zafin ƙafafu, bayan mako biyu zuwa uku gashinsa ya zube. Ƙarfen banadiyum kuwa rigar fosfet yake sawa: ya zauna daidai inda fosfet ke zama, ya ƙi tashi, famfo ya maƙale a tsakiyar juyi. Labarin gano wannan yana burge ni har yau. Masu bincike sun daɗe suna mamakin yadda wata ATP da ake saye, wadda aka tato daga naman doki, take rage aikin famfo maimakon ta ƙara. A 1977 Lewis Cantley da abokan aikinsa a jami'ar Harvard ta Amurka suka gano ɗan banadiyum ne ya gurɓata ta. Akwai kuma ƙarafa masu caji biyu, irin kadmiyum da dalma da jan ƙarfe, da ke iya ture magniziyum su riƙe ATP a madadinsa, famfo kuwa ba ya iya cin irin wannan ATP yadda ya kamata.

Ta ƙarshe ba ta ko taɓa famfon. Ƙarfen ya shiga mitokondiriya, murhun da ake dafa ATP, ya rage wutar, ko ya cinye gulutatayon, sinadarin da ke kare ƙwaya daga tsatsa, kitsen tantani ya ɓaci kamar man gyaɗan da ya daɗe a rana. A jikin mai rai hanyoyin nan a cakuɗe suke zuwa, kuma raba su aiki ne ja.

Abin da nake gani a ɗakin gwaji

Bari in nuna miki yadda muke aunawa, domin a nan ne za ki gane iyakar abin da littafinku ya faɗa. Da asuba nake aika ɗalibi kwata da kula cike da ƙanƙara ya sayo ƙodar rago da aka yanka yanzu. In kin tsaga ƙoda a tsaye za ki ga wani zobe ja wur tsakanin ɓawonta da farin cikinta. Nan famfo ya fi yawa, nan muke yankowa. A niƙa cikin sanyi, a juya a injin tacewa har tantanin ƙwayoyin ya kwanta. Sai a jera ƙananan kwalabe sahu biyu, kowacce da sodiyum da fotasiyum da magniziyum da ATP, a ɗumin digiri 37 kamar na jiki. Sahu ɗaya a sa masa wabayin, ɗayan a bar shi. Bayan 'yan mintoci a tsayar da aikin da asid, a ɗiga wani sinadari da ke mayar da fosfet shuɗi, dabarar da Fiske da Subbarow suka fitar tun 1925. Iya fosfet ɗin da aka saki, iya duhun shuɗin. Bambancin da ke tsakanin sahu biyun shi ne aikin famfo zalla.

To, in aka ɗiga zaiba kaɗan ƙwarai, abin da bai wuce maikromol ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimol, sai ki ga kwalbar da ya kamata ta yi shuɗi kamar baba ta fito fari-fari, ba ta da bambanci da mai wabayin. Ɗalibai sukan yi tsit in sun gani. Dalma kuwa sai an zuba ninkin-ba-ninkin haka kafin launin ya fara dusashewa. In aka yi sauri aka ƙara sistin ko wani sinadari mai farar wuta biyu a kwalbar zaibar, wani ɓangare na shuɗin yana dawowa, domin zaibar ta sami abin kamawa ta saki famfo. In an bar ta ta daɗe, furotin ɗin ya riga ya lalace, ba ya dawowa.

Wata shekara wata ɗalibata ta yi mako biyu tana sa kadmiyum ba ta ga komai ba, har ta fara cewa kadmiyum ba ya taɓa famfo. Da muka zauna muka bi abin da ta haɗa ɗaya bayan ɗaya, sai muka tarar ruwan da ta niƙa ƙodar a ciki yana da EDTA, sinadarin da aikinsa ke nan cafke ƙarafa. Kadmiyum ɗin yana cikin kwalba, amma a ɗaure yake, bai taɓa isa wurin famfo ba. Tun ranar nake buɗe darasin nan da labarinta, domin ya koyar da abin da ya fi komai muhimmanci a fannin: ba yawan ƙarfen da aka zuba ke ɓarna ba, wanda ke yawo a sake shi ke yi. Ita kanta ATP tana riƙe wani kaso, gishirin da ke cikin ruwan ma yana riƙe wani.

Jikin mutum kuwa cike yake da masu cafkewa. Akwai albumin a jini, akwai gulutatayon, akwai wani ƙaramin furotin mai suna metalotayonin, wanda kusan kashi ɗaya cikin uku na jikinsa sistin ne, kuma hanta da ƙoda suna ƙara ƙera shi in sun ji ƙarfe. A ƙodar doki aka fara gano shi ɗauke da kadmiyum, a 1957, shekarar da aka gano famfon. Saboda haka adadin da ya tsayar da famfo a kwalbata ba za a ɗauke shi a ɗora wa mutum kai tsaye ba. Ina jin takaici in na ga an rubuta "zaiba tana kashe mutum ta hanyar tsayar da famfon sodiyum" a matsayin magana gamammiya. Gaskiya ce guntuwa.

Inda famfon ke da babban hannu

Wurin da hujja ta fi ƙarfi shi ne kifin ruwan daɗi. Karfasa da tarwaɗa jininsu ya fi ruwan Binuwai gishiri nesa ba kusa ba, don haka kullum gishiri yana zurarewa daga jikinsu, su kuma suna jawo shi ta hanyar matsatsin da suke numfashi da shi a gefen kai, da ƙarfin wannan famfo. Matsatsin nan tsirara yake a cikin ruwa, ba fata ba kariya. In jan ƙarfe ko azurfa ya narke a ruwan, famfo ya tsaya, sodiyum ɗin jini ya faɗi, jini ya yi kauri, zuciya ta gaza. A nan kam famfon ne kan gaba wajen mutuwar, shi ya sa masu binciken gurɓatar ruwa suke auna shi a jikin kifi.

A mutum, ƙoda ce. Tana tace kimanin lita 180 na ruwan jini a yini, ta mayar da fiye da kashi 99 cikin ɗari cikin jini, kuma famfon ne ke jan ragamar mayarwar. Ga shi nan ne kadmiyum da ayon ɗin zaiba suke taruwa. In bututun farko na ƙoda ya gaji, sai abubuwan da suka saba bin sodiyum zuwa cikin jini su fara zubewa a fitsari: sukari, amino asid, fosfet, ƙananan furotin. Ki riƙe wannan don ranar da za ki tsaya a kan majiyyaci: sukari a fitsari alhali na jini daidai yake, ba ciwon sukari ba ne, ƙoda za a duba, a kuma tambayi mutum sana'arsa. Kadmiyum yana zama a ƙoda shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. A lardin Toyama na Japan, manoman da suka ci shinkafar da aka yi ban-ruwanta da ruwan kogin Jinzu mai kadmiyum sun yi ta zubar da fosfet da kalsiyum har ƙasusuwansu suka riƙa karyewa. Sunan ciwon, itai-itai, kukan da suke yi ne, kamar mu ce "wayyo, wayyo". A nan wurinmu hayaƙin taba da tsofaffin batura masu caji su ne hanyoyinsa da aka fi sani.

Dalma tana rage aikin famfo a jajayen ƙwayoyin jini, su yi saurin mutuwa. Amma babban dalilin ƙarancin jinin mai dalma shi ne ta toshe enzayim ɗin da ke ƙera jan sinadarin jini, ɓarnarta a ƙwaƙwalwar yaro kuma ta fi zuwa ta sojan gonar da take yi wa kalsiyum da tutiya. Ba sai na ba ki labarin Zamfara ba: a 2010 yara fiye da 400 suka rasu saboda ana niƙa dutsen zinariya mai dalma a tsakar gida. Hanjin yaro yana tsotsar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba. Ina roƙonki, in kin fara aiki, ki riƙa tambayar iyaye mata wane kwalli suke sa wa jariri, domin kwallin dutse mai ƙyalƙyali yawanci dalma ce da farar wuta. Ki tambayi ko akwai mai fasa batirin mota a gidan. Tukwanen da ake zubawa da tarkacen alminiyum ma an auna su a nan Kamaru an ga wasunsu suna sakin dalma a abinci.

Yanzu ga yayanki

Ƙullin zaiba da zinariya da yake ƙonawa don ya ware zinariyar kusan rabinsa zaiba ce, kuma duk tana tashi ta zama tururi marar launi marar wari. Abin da ya shaƙa, kimanin kashi 80 cikin ɗari yana wucewa daga huhu zuwa jini. Tururin ba shi da caji, don haka yana ratsa shingen da ke kare ƙwaƙwalwa kamar ba shinge. Yana shiga sai wani enzayim ya mayar da shi ayon mai caji biyu, ƙofar fita ta rufe, ya shiga kama farar wuta duk inda ya same ta. Famfon yana cikin waɗanda yake kamawa, haka ma furotin ɗin da ke riƙe da siffar jijiya, da enzayim masu seleniyum da ke kare ƙwaya daga tsatsa, da ƙofofin kalsiyum. Ba wani awo da zai ware miki ya ce kaso kaza na rawar hannunsa daga famfo ne.

Amma abin da kika gani ya yi daidai da abin da aka sani game da masu shaƙar tururin zaiba: rawar yatsu da ke ƙaruwa in mutum zai kama abu, wani lokaci har fatar ido da leɓe da harshe, saurin fushi, wata irin kunya da gudun mutane, rashin barci, mantuwa, kumburin dasashi, yawan yawu da ɗanɗanon ƙarfe a baki. Ki tambaye shi waɗannan a hankali, ke da shi, ba a gaban mutane ba. Rawar hannu tana da wasu dalilan, kamar ciwon maƙoƙo mai sa zuciya gudu, ko yawan shayi mai kauri, ko ƙwayoyin ƙarin ƙarfi irin tiramadol da suka yi yawa a wuraren haƙa. Ban ce yana sha ba, amma likita zai tambaya, gara ya amsa da gaskiya. Awon da ya dace da mai shaƙar tururi shi ne na fitsari, a mazubi mai tsabta da ɗakin awo ya bayar, tare da duba lafiyar ƙodarsa. Awon gashi ya fi dacewa da zaibar da ke zuwa ta cin kifi, irin wadda ta halaka mutanen Minamata a Japan, inda aka gane ciwon a 1956. Da sunan garin aka yi yarjejeniyar duniya kan zaiba a 2013, kuma Kamaru da Cadi duk suna ciki.

Nono ba ya wanke ta, 'yata. Ina ganin inda maganar ta samo asali: a da in mutum ya haɗiyi gishirin zaiba akan ba shi madara ko farin ƙwai, furotin ɗinsu ya kama gubar tun tana ciki kafin a fitar da ita. Ta yayanki ta huhu take shiga, nono kuwa ciki yake tafiya, ba sa ko haɗuwa a hanya. Ya ci gaba da shan nononsa, abinci ne mai kyau. Abin da nake tsoro shi ne ya sa shi ya saki jiki. Rawani ko ƙyallen da suke rufe hanci da shi ma ba ya tare tururin ko kaɗan.

Akwai maganin gaske, kuma yanzu za ki gane yadda yake aiki. DMSA da DMPS kowannensu yana da farar wuta biyu a jikinsa, wato abin da na yi a kwalba shi ake yi a jini: a ba zaiba abin kamawa, ta bi fitsari ta fita. DMSA ɗin ne aka ba yaran Zamfara. Sai dai likita ne kaɗai ke ba da shi, bayan awo, yana lura da ƙoda da hanta, domin yana kwashe har da tutiya da jan ƙarfen da jiki ke buƙata. Ba ya isa ga wadda ta riga ta zauna a ƙwaƙwalwa sosai, kuma ba shi da amfani ga wanda zai koma bakin wuta gobe.

Babban magani shi ne ya bar ƙonawa. Jiki da kansa yana fitar da kusan rabin abin da ke cikinsa a wata biyu, ko da yake ta ƙwaƙwalwa tana daɗewa ƙwarai, kuma ƙwayoyin da ba su mutu ba suna ƙera sababbin famfuna su maye gurbin waɗanda aka ɗaure. Mutane da yawa rawar hannunsu tana raguwa in sun yi nesa da tururin da wuri. Na san ba a ce wa magidanci ya bar abincinsa da baki kawai. In ba zai iya barin wurin ba, ya nemi wani aikin a cikin haƙar, ya huta da wutar. Wanda zai karɓe shi kuma ya yi ƙonawar a rufaffen bututu, wanda duk mai walda zai iya haɗawa da bututun ruwa na ƙarfe: ƙullin yana cikin murfi a gefe ɗaya, tururi ya bi lanƙwasar ya huce, zaiba ta ɗiga cikin kofin ruwa a ɗaya gefen. Yawancinta tana dawowa a sake aiki da ita, wannan kuwa hujja ce da mai haƙa ke saurare, tunda da tsada yake sayenta. A yi a fili, iska tana kaɗawa nesa da mutane, ba a ɗaki ko madafa ba, ba kusa da yara ko mai ciki ba. Kayan aikinsa su tsaya can, kada ya kawo su gida a rataye a ɗakin da iyalinsa ke kwana, domin tufa tana riƙe zaiba tana sakinta a hankali.

Kafin ya koma, ki ba shi farar takarda da biro. Ya rubuta sunansa, da boko ko da ajami, ya ja miƙaƙƙen layi, ya zana da'ira mai naɗewa kamar gammo, ba tare da ya jingina hannunsa a tebur ba. Ki sa kwanan wata ki ajiye. Ki tafi da ita wurin likita ranar da za ku je, sannan duk wata ya sake yin wata a sabuwar takarda, ki riƙa jera su kina dubawa.